Tambaya da Amsa: Ƙwallon Balazur na Indiya, Me Bincike Ya Tabbatar a Kansa?

Wasiƙun wannan watan duk daga Zariya suke, kuma duk a kan abu guda: wani baƙin ƙwallo da masu maganin gargajiyar Indiya ke ji da shi, wanda yanzu haɗe-haɗensa ke shigowa ta hannun ɗalibai da masu zuwa jinya can, da kuma 'yan tallan WhatsApp. Masu haɗa magunguna na wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Ɗana ya dawo daga karatu a Indiya ya kawo mini wani gwangwani, a jikinsa an rubuta Amrita Bhallataka. Ya ce maganin ƙarfin jiki ne na tsofaffi. Wane itace ne wannan, kuma muna da shi a nan? Daga wani dattijo, Sabon Gari.

Baba, itacen ba ya cikin itatuwan dajinmu, shi ya sa ba shi da sunan Hausa. A harshen Sanskirit ana ce masa ballataka, a Hindi bilawa, a littattafan likitancin Larabci kuma balazur. Masana tsirrai suna kiransa Semecarpus anacardium. Yana fitowa a dazuzzukan Indiya masu zafi, daga gindin tsaunukan Himalaya har kudancin ƙasar.

Amma kun san 'yan'uwansa sarai, domin danginsu ɗaya da yazawa da mangwaro da danya da faru. Yazawa ce ta fi kama da shi. A sama akwai tsoka mai launin ruwan lemo wadda ake ci idan ta nuna, a jikinta kuma ƙwallo baƙi mai sheƙi, tsawonsa kamar santimita 2 da rabi. A cikin ɓawon ƙwallon akwai ƙananan ramuka cike da wani baƙin mai mai kauri kamar kwalta. Duk wanda ya ga yadda yara ke rubuta suna a dantse da man ƙwallon yazawa, wurin ya ƙone ya bar tabo, to ya ga ƙanen abin da muke magana a kai. Na balazur ya fi zafi.

Masu wanki da guga a Indiya sun daɗe suna yi wa tufafin mutane alama da wannan mai, a shafa masa ruwan farar ƙasa ya zauna baƙi ƙirin, wanki ba ya fidda shi. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, likitocin sojan Amurka da ke Indiya sun wallafa rahoton yadda sojojinsu suka riƙa yin ƙuraje masu ruwa a ƙeya da ƙugu, daidai inda alamar mai wanki ke taɓa fata. Sinadarin da ke wannan aiki sunansa bilawanol, masana a Indiya suka ware shi tun 1931, kuma ɗan'uwan urushiyol ne, wato sinadarin da ke sa wasu tsirran Amurka da Japan ƙona fata.

A Ayurbeda, wato likitancin gargajiyar Indiya, babban magani ne. Littafin Caraka, wanda ya doshi shekara 2000, ya kawo hanyoyi 10 na sarrafa shi don ƙarfafa jiki, kuma a wurin ya kwatanta shi da wuta. Suna ba da shi ga mai basir, da ciwon gaɓoɓi, da cututtukan fata, da tsutsar ciki, da mantuwa. Sai dai su da kansu sun jera shi cikin ƙananan dafi. Dokar magunguna ta Indiya ta 1940 da ƙa'idojinta na 1945 sun sa shi a jerin abubuwa masu guba, waɗanda dole a rubuta a jikinsu cewa sai ƙarƙashin kulawar likita za a sha. Don haka Baba, abin da ke gwangwanin nan ba irin zuma da habbatus sauda ba ne da za a riƙa lasa kowace safiya. Ku ajiye shi tukuna, ku karanta sauran amsoshin.

Tambaya: Shekara biyu ke nan ina fama da kumburin yatsu da wuyan hannu, da safe ko kofi ba na iya riƙewa. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne irin wanda garkuwar jiki ke jawowa, ya ɗora ni a kan metotirekzet. Wata ƙawata ta turo mini bidiyon da ke cewa bincike ya tabbatar ballataka na warkar da shi. In bar ƙwayar asibiti? Daga wata Hajiya, Tudun Wada.

Hajiya, Allah ya ba ki lafiya. Kada ki bar ƙwayar. Amma ƙawarki ba ƙirƙirar maganar ta yi ba, a kan wannan ciwo ne ma aka fi binciken balazur, saboda haka bari mu bi shi hawa-hawa.

Hawa na farko a ɗakin gwaje-gwaje ne. An ciro wani sinadari daga ƙwallon, daga dangin da ake kira filabonoyid, aka ga yana danne sinadarin COX a cikin kwalba. COX shi ne wanda ibufurofen da daikulofenak ke dannewa su rage zogi da kumburi. Ke nan akwai dalilin da zai sa a yi zaton yana aiki.

Hawa na biyu ɓeraye ne. Wani rukunin masana a Jami'ar Madras da ke kudancin Indiya ya shafe shekaru a kan wannan. Sukan yi wa ɓera allurar wani abu a tafin ƙafa har gaɓoɓinsa su kumbura, sannan su ba shi haɗin balazur da aka dafa da madara da man shanu, miligiram 150 a kan kowane kilo na nauyinsa, kullum har kwana 14. Kumburin ya ragu, alamomin kumburi a jini ma sun sauka. Sakamako ne na gaske. Amma ciwon da aka ɗora wa ɓera da allura, aka yi masa magani mako biyu, daban yake da ciwon da ya shekara biyu a jikin mutum kuma zai buƙaci magani na shekaru. Ga kuma wani abu da masu bidiyo ba sa faɗi: fatar ɓera ba ta jin irin wannan sinadari yadda fatar ɗan Adam ke ji, don haka babbar illarsa ba ta fitowa sosai a irin wannan gwaji.

Hawa na uku shi ne mutane, kuma nan ne hujja ta yi ƙaranci. Gwajin da ya fi tsari shi ne wanda likitan gaɓoɓi Arvind Chopra na birnin Pune da abokan aikinsa suka wallafa a 2012. Sun ɗauki masu irin ciwonki 121, aka raba su gida uku ta hanyar ƙuri'a, aka bi su mako 24. Gida ɗaya ya sha haɗin balazur shi kaɗai, na biyu ya sha wani haɗin Ayurbeda da aka gina a kan citta da wata ciyawa mai yaɗo, na uku ya sha haidiroksikulorokwin, wanda maganin asibiti ne. Ma'aunin shi ne mutum nawa suka sami sauƙin aƙalla kashi 20 cikin 100 a yawan gaɓoɓi masu zogi da kumburi da wasu alamomi. A gidan balazur kashi 36 cikin 100 suka kai, a gidan citta kashi 44, a gidan maganin asibiti kashi 51.

Wani zai ce ai 36 ba laifi. To, a duba abubuwa huɗu. Dukkansu an ba su meloksikam, maganin zogi da kumburi, a mako 16 na farko, saboda haka wani kaso na sauƙin nasa ne. Babu gidan da aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta, alhali a wannan ciwo mutane da dama kan ji sauƙi don kawai ana kula da su, ko don ciwon yakan lafa ya tashi. Mutum 42 sun fice kafin ƙarshe, wato fiye da ɗaya bisa uku. Sannan haidiroksikulorokwin na cikin mafiya sanyi a magungunan wannan ciwo, bai kai wanda kike sha ƙarfi ba, amma duk da haka a ma'aunai da dama shi da haɗin citta sun fi balazur. Abin da za a yaba shi ne illolin da aka gani ba su yi tsanani ba, na ciki ne da na fata. Amma wannan haɗi ne da aka tace aka auna, ana sha ana duba jinin masu sha.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarki shi ne lokaci. Wannan amosani yana cin ƙashin gaɓa a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. An nuna da hoton ƙashi cewa metotirekzet na rage wannan ci. Haɗa su biyun ma akwai haɗari: ta ƙoda metotirekzet ke fita daga jiki, kuma an sha kawo rahoton balazur ya taɓa ƙoda. Idan ƙoda ta yi rauni ƙwayar za ta taru, ta jawo gyambon baki da faɗuwar ƙwayoyin jini. Ki ci gaba da shanta sau ɗaya a mako kamar yadda aka tsara, ba kullum ba, tare da folik asid, ki kuma riƙa zuwa gwajin jini. In sauƙin bai ishe ki ba ki gaya wa likitan, akwai abin da ake ƙarawa.

Tambaya: Ina haddar Alƙur'ani da wasu littattafan fiƙihu. Na ci karo a littattafan magabata cewa malamai kan sha balazur don ƙarfin hadda. Shi ne wannan na Indiya? Kimiyya ta gaskata? Daga wani ɗalibin ilimi, Kwarbai.

Malam, Allah ya sa albarka a karatu. Shi ne. Daga Indiya ya shiga likitancin Musulmi, Ibn Sina da wasunsa sun ambace shi, har ana yi masa laƙabi da ƙwayar fahimta. Amma ka ƙarasa karanta abin da magabatan suka rubuta, domin su ne suka fara gargaɗi a kansa. Ahmad bin Yahya al-Balazuri, malamin tarihi na Bagadaza mai littafin Futuhul Buldan, wanda ya rasu wajen 892 miladiyya, masu tarihi sun ruwaito cewa daga wannan ƙwallo laƙabin ya samo asali, kuma an ce shansa ne ya taɓa masa hankali a ƙarshen rayuwa. Ibn Khallikan ya kawo daga Alƙali Ibn Shaddad cewa wasu ɗaliban fiƙihu a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza sun haɗu suka sha don hadda, hankalinsu ya gushe.

Ta ɓangaren bincike, abin da ke hannu shi ne wannan. A ƙwaƙwalwa akwai wani sinadarin aika saƙo da ake kira asetilkolin, mai hannu a tuna abu, akwai kuma wani da ke rusa shi bayan ya gama aiki. An gwada sinadaran balazur a kwalba aka ga suna rage aikin mai rusawar. Ta wannan hanya donefezil ke aiki, maganin da ake ba tsofaffi masu cutar mantuwa. Sai dai danne wannan sinadari a kwalba ba abin mamaki ba ne, tsirrai masu yawa suna yi, maganin ƙwari irin na feshin gona ma haka yake kashe ƙwaro. Kuma sinadaran da aka samu suna wannan aiki a balazur daga dangin masu ƙona fatar nan suke, ba a raba amfanin da dafin ba. Babu wani gwaji mai tsari da ya nuna lafiyayyen matashi ya sha haddarsa ta ƙaru. Ko donefezil ɗin ba a ba da shi ga mai lafiya don wannan.

Abin da aka tabbatar yana zaunar da hadda ka riga ka san shi daga zaure: maimaici a rarrabe cikin kwanaki, karantawa da ka ba tare da duba allo ba, da isasshen barci bayan an ɗauki sabon karatu, don a cikin barci ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da aka koya. In kana jin kasala da rashin tattara hankali, a duba jininka. Ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa suna hana karatu zama.

Tambaya: Yayana na da ciwon daji na hanta. An ce mana an gwada wannan ƙwallo ya kashe ƙwayoyin daji. Daga wani ɗan'uwa, Samaru.

Ɗan'uwa, Allah ya sassauta masa. An gwada, amma a kwalba da ɓeraye. Masanan Madras ɗin nan sun jawo wa ɓeraye dajin hanta da wani dafi mai suna afalatoksin, suka ba su haɗin balazur da madara, wasu alamomin ciwon a jini suka sauka. An yi makamancinsa da dajin mama. A kwalba kuwa man yana kashe ƙwayoyin daji, amma abin da ke ƙona fata dama zai kashe ƙwayar halitta in aka zuba mata shi kai tsaye. Abin da ake nema shi ne wanda zai kashe ta daji a jikin mutum ya bar mai lafiya, kuma ba a nuna balazur ya yi haka ba a gwajin da aka kwatanta masu sha da marasa sha.

Ba raina tsiro muke yi ba. Fakilitaksel, ɗaya daga manyan magungunan daji a yau, daga ɓawon wani itace na Amurka aka samo shi. An ɗebo ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992, bayan an ware sinadarin an gano adadin da jiki ke ɗauka. Balazur bai bi wannan hanya ba tukuna, kuma hanta mai ciwo ba ta da ƙarfin tace sabon dafi.

Akwai abin da zai amfani gidanku yanzu. Manyan masu jawo dajin hanta a ƙasarmu su ne ciwon hanta nau'in B da afalatoksin, dafin da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masara da ba su bushe da kyau ba. Ku je a gwada ku duka, iyali da 'yan'uwa, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa rigakafi, allura uku ce.

Tambaya: Sana'ata maganin gargajiya, na gada. Na ji Indiyawa na da hanyar cire masa dafi. Yaya suke yi? Kuma tunda ɗan'uwan yazawa ne, zan iya yi da ƙwallon yazawa? Daga wani mai magani, Tudun Jukun.

Malam, mun ji daɗi da ka tambaya kafin ka gwada. Za mu faɗi yadda suke yi don ka ga nauyin aikin da inda yake ɓaci.

Suna kiran tacewar shodana. Da farko a zuba nunannun ƙwallaye a ruwa, a ɗauki waɗanda suka nutse, a zubar da masu iyo. A yanke hular da ke kai, a daddatsa ƙwallon don ramukan man su buɗe. A jiƙa a fitsarin saniya kwana 7, sannan a madarar shanu kwana 7, ana canjawa. Daga nan a zuba a jaka tare da garin jan bulo a bari kwana 3, a mummurza, a wanke da ruwan ɗumi, a shanya. Wasu littattafan nasu sun ce a tafasa a ruwan kwakwa. Maganar fitsarin saniya, wanda ke shiga wasu haɗe-haɗen har da wata ƙwayar Ayurbeda mai suna Sanjivani Vati, hukuncinta na malaman fiƙihu ne, mu dai mun ga ya kamata mai saye ya sani.

Akwai hikima a ciki. Bilawanol ba ya narkewa a ruwa, a maiƙo yake narkewa, don haka maiƙon madara na janye wani kaso, garin bulo kuma na tsotse mai kamar yadda toka ke tsotse man da ya zube. Ragewa ake yi, ba cirewa duka ba, domin in an cire duka babu sauran abin da ake nema.

Inda yake ɓaci kuwa da yawa. Wajen datsawa man kan yi tsartuwa zuwa fuska da ido. Wajen tafasawa ko gasawa tururi da hayaƙi na ɗauke da sinadarin, su kumbura fuska, su shiga maƙogwaro. Wuƙa da turmi da tsumma suna riƙe man na dogon lokaci, yaro ya taɓa ya kamu. Masu aikin a Indiya kan shafe hannu da fuska da man kwakwa su sa safar hannu, amma duk da haka a wata mujallar Ayurbeda an wallafa a 2012 yadda masu wannan tacewa suka kamu da ƙuraje. Babbar matsalar ita ce da ido ba za ka san nawa ya rage ba: ƙwallon wannan buhu ya fi na wancan mai, kuma jikin mutane ya bambanta, abin da wani ya sha lafiya shi zai kwantar da wani. Littattafan binciken guba na Indiya sun ƙiyasta cewa giram 5 zuwa 10 na iya kisa cikin awa 12 zuwa 24. Abin da bai cika tafin hannu ba ke nan.

Ko tataccen ma malamansu sun kewaye shi da sharuɗɗa. Ba a ba mai ciki, don yana zubar da ciki. Ba a ba yara, da mai zubar jini, da mai ciwon ƙoda. Ba a sha a lokacin zafi, kuma mai sha zai guji rana da yaji da gishiri, ya lizimci madara da man shanu da shinkafa. Ka auna wannan da bazarar Zariya daga Maris zuwa Mayu, da mutumin da zai sha ya hau babur ya wuni a rana. Sun kuma ce da an ji ƙaiƙayi, ko zafin fitsari, ko fitsari ya yi duhu, a tsaya.

Yazawa kuwa a'a. Man ɓawonta na ɗauke da wasu sinadarai daban, anakadik asid da kadol, waɗanda masana'antu ke sawa a fenti da birkin mota. Ƙunar suka yi tarayya a kai, ba maganin ba. In kana da wani tsiro namu da kake son a tantance, Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen nazarin magungunan tsirrai a tsangayar harhaɗa magunguna, da ma'ajiyar busassun tsirrai inda ake tabbatar da sunan itace.

Tambaya: Ƙanwata ta shafa wani man Indiya mai ballataka a kan ƙyasbi. Washegari ba komai, a rana ta biyu wuya ya kumbura ya yi bororo, yanzu har fuska. Me za mu yi? Daga wata baiwar Allah, Gyallesu.

'Yar'uwa, tunda ya kai fuska ku kai ta asibiti yau, ku tafi da kwalbar. In ido ya rufe, ko murya ta dushe, ko numfashi na wahala, ko fitsari ya ragu ko ya yi kalar shayi, to gaggawa ce, ku nufi Asibitin Koyarwa na Shika ko mafi kusa da ku ba jira.

Jinkirin da kuka gani shi ne halin abin. Ɗanyen mai kan ƙona nan take, amma ko ɗan kaɗan ne, sinadarin na ratsa fata ya manne da ita, garkuwar jiki ta ɗauke ta baƙuwa ta far mata, sai bayan awa 12 zuwa 72 ƙurajen su fito. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 3 kafin ya lafa, kuma a baƙar fata yakan bar duhun tabo na watanni. Ruwan bororon ba ya yaɗa shi. Abin da ke yaɗa shi shi ne ragowar mai a ƙarƙashin farce, da ɗankwali, da hijabi, da rigar matashi. A wanke su da ruwan zafi da omo, daban da sauran kaya, mai wankin ya sa safar roba.

Kada a fasa bororon, kada a shafa man goge baki ko toka ko kananzir ko man zafi. A riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi, minti 15 zuwa 20, sau uku ko huɗu a rana. Likita kan rubuta man shafawa mai sitiroyid, in ya yi yawa ya haɗa da na sha, wanda ake janyewa a hankali don in an yanke da wuri ƙurajen kan dawo. Daga yau ta yi hattara da ɗanyen ƙwallon yazawa da ƙaron mangwaro da ɓawonsa, domin jikin da ya san ɗaya yakan tashi in ya gamu da ɗan'uwansa.

Ga sauran masu karatu: in man ya taɓa fata, a wanke da sabulu da ruwan sanyi mai yawa cikin mintunan farko, kafin ya ratsa. In ido ne, a kwarara ruwa mai tsabta minti 15 ba tsayawa. In an haɗiya, kada a sa mutum amai, don abin zai sake ƙona maƙogwaro a hanyar fita, kuma ɗura manja ba ya karya shi.

Tambaya: A tallan wani haɗin ballataka sun ce yana ƙara ƙarfin namiji yana maganin basir, kuma akwai lambar NAFDAC. Daga wani magidanci, Hanwa.

Malam, basir na cikin abin da littattafansu suka ambata tun da, amma babu babban gwaji a kan mutane da ya tabbatar, kuma shafa mai mai ƙuna a wannan wuri na iya barin gyambo da tabo mai tsuke dubura. Game da maza, binciken da aka wallafa a 2003 ya nuna akasin tallan: ɓerayen da aka ba tatsin 'ya'yan itacen, ƙwayoyin maniyyinsu sun ragu a yawa da motsi.

Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an yi wa maganin gargajiya rajistar wucin gadi bayan gwajin guba, ba a tabbatar yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jiki cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Ana kuma buga lambar ƙarya, don haka ka bincika ta a kundin hukumar na intanet da ake kira Greenbook. Ka karanta jerin abin da ke ciki, ka nemi Bhallataka, Bhilawa, Baladur, Serankottai ko Semecarpus, duk abu ɗaya ne. Akwai kuma matsalar da ta wuce balazur: a 2004 masu bincike a Boston ta Amurka sun sayi magungunan Ayurbeda 70 a shaguna, 14 na ɗauke da dalma ko zaiba ko asanik, dukkansu masu guba, a 2008 suka sake da 193 da aka saya ta intanet, aka sami kusan ɗaya cikin biyar. In ka riga ka sha na wasu makonni, ka kai kwalbar wa likita ka nemi gwajin ƙoda da hanta da fitsari.